Tun Ranar Gini: Littafin Aikinmu Kan Shafukan Gwamnati Da Masu Buƙata Ta Musamman

Asabar, 11 ga Janairu, 2025, Agege

Abin da ya faru da Kawu ranar Talata shi ya sa na buɗe wannan littafi. Kawu ya yi aikin akawu a wata ma'aikatar tarayya tun Legas tana babban birnin ƙasa, kafin gwamnati ta koma Abuja a 1991. Hawan jinin ido ya cinye masa gani bayan ya yi ritaya, amma bai naɗe hannu ba. Ya koyi sarrafa wayarsa da TalkBack, manhajar nan ta Android mai karanta wa mutum duk abin da yatsansa ya taɓa. Da ita yake tura kuɗi, da ita yake sauraron labarai, da ita yake kiran jikokinsa a Zariya.

Ranar Talata ya zauna zai cike wani fom na tantancewa a shafin wani ofishin gwamnati. Ina gefensa ina jin abin da wayar ke faɗa. Ta zo kan gurbi na farko ta ce akwatin rubutu, ba ta faɗi na mene ne ba. Na biyu haka, na uku haka. Ni da ido ina ganin an rubuta suna, lambar fayil, ranar haihuwa, amma wanda ya gina shafin bai ɗaura rubutun da gurbinsa ba, don haka manhajar ba ta da abin faɗa. A ƙarshe kuma aka kawo hoton karkatattun haruffa wai a kwafa don a tabbatar mutum ne. Kawu ya kife wayar a kan tabarma.

Na ce, "Kawu, ku kawo in cike muku." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, yau kana nan. Ranar da ba ka nan, yaron shagon intanet zan karanta wa lambar asusuna da babbar murya, mutum goma suna layi suna ji." Ya ƙara da cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gina shafukan intanet ita ce sana'ata a Yaba. Na san kuskuren da aka yi, na kuma san gyaransa bai kai aikin rabin awa ba. Wannan ne ya hana ni barci.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun zama mu biyar. Akwai Malama, makauniya ce da ta koyi kwamfuta a cibiyar koyar da sana'a ta makafi da ke Oshodi, yatsunta a kan kibod sun fi nawa sauri. Akwai abokina kurma mai gyaran waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Akwai Barista, ɗan unguwarmu, da Kawu, sai ni. Mun yanke cewa ba za mu yi ta ƙorafi a baki ba. Za mu zaɓi shafuka goma sha biyu da talaka ke yawan buƙata, na tarayya da na jiha, mu gwada su da ma'auni ɗaya, mu rubuta abin da muka gani.

Ma'aunin ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta daɗe da fitar da shi, ana ce masa WCAG. Na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, sai na 2.2 a watan Oktoba na 2023. Ginshiƙansa huɗu ne, kuma Malama ta mayar da su Hausa yadda ko Kawu bai nemi ƙarin bayani ba: shafi ya kasance ana iya riskarsa ko da ido ko da kunne ko da taɓawa, ana iya sarrafa shi, ana iya fahimtarsa, sannan ya yi aiki da kowace irin na'urar taimako. Matakinsa uku, A da AA da AAA. Na tsakiyan shi ne wanda gwamnatoci suka fi ɗauka, shi muka ɗauka mu ma.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau aka fara gwaji da gaske, kuma dokar farko Malama ce ta kafa mini. Ta zare linzamin kwamfutata ta sa a jakarta, ta ce, "Malam, yau da maɓallin Tab kaɗai za ka yi yawo." Ta kuma sa na kashe hasken allo, na kunna NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka fara a 2006. Kafin zuwanta JAWS aka fi sani, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin mutanenmu.

Shafin farko ya riƙe mu kusan awa biyu. Kafin a iso ga ainihin bayanin sai an bi ta kan mahaɗai sama da arba'in na saman shafi, ɗaya bayan ɗaya, a kowane shafi aka shiga, domin ba a sa hanyar tsallakewa ba. Hotunan shugabannin ma'aikatar suna ta juyawa da kansu, manhajar tana katse abin da take karantawa tana bin su. Da muka isa kalandar zaɓen ranar haihuwa, sai kibod ya maƙale a cikinta, ba gaba ba baya. Mai linzami zai danna gefe ya fita. Malama ba ta da wannan gefen. Ta rufe shafin, duk abin da ta cike ya tafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sanarwar neman aiki. An buga ta a takarda, an sa hannu, an ɗauki hotonta, aka ɗora a matsayin PDF. A wurin manhajar karanta allo wannan farar takarda ce, ba harafi ko ɗaya. Alhali dokar hana nuna wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga masu naƙasa. An ware musu gurbi a doka, sanarwar gurbin kuma ba ta karantuwa gare su.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya rage mana tafiya. Shafi huɗu kawai muka gama. Bayan tarawihi na zauna da na'urorin bincike masu sarrafa kansu, WAVE da Lighthouse. Suna kama hoton da ba a rubuta masa bayani ba, suna auna bambancin launi: ƙa'ida ta ce tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1, manyan haruffa kuma 3 zuwa 1. Shafukanmu suna son koren rubutu mai haske a kan fari, saboda launin tuta, kuma da yawa ba su kai ba. Sai dai akwai shafin da na'ura ta ba maki mai kyau, Malama kuwa ta kasa shiga cikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga yau ba mu rubuta sakamakon na'ura sai mutum ya bi bayanta.

Asabar, 12 ga Afrilu, Ebute Metta

Kawu ne ya dage mu je Oko-Baba, inda 'yan'uwanmu makafi da guragu da waɗanda kuturta ta taɓa suke zaune shekara da shekaru. Ya ce muna ta auna shafi da Malama mai ilimin kwamfuta, mun manta da wanda ko Turanci ba ya ji. Mun fara da gaisuwa wurin shugabanninsu kamar yadda al'ada take, sannan aka ba mu tabarma a inuwa.

Wani dattijo da cuta ta ɗauke masa kan yatsu ya miƙo wayarsa. Da gaɓar ɗan yatsa yake dannawa. Na buɗe masa ɗaya daga cikin fom ɗin da muke gwadawa. Maɓallin amincewa da na sokewa ƙanana ne, suna manne da juna. Sau uku yana nufin wannan yana taɓa wancan. A karo na huɗu ya samu, sai shafin ya ce lokaci ya ƙare, a sake daga farko. Bai ce komai ba, ya goge fuskar wayar da gefen rigarsa ya miƙo mini. A WCAG 2.2 akwai sharaɗin cewa abin dannawa kada ya gaza ɗigo 24 a tsaye da kwance, ko a bar tazara tsakaninsa da maƙwabcinsa. Akwai kuma tsohon sharaɗin cewa idan shafi yana da iyakar lokaci a bai wa mutum damar ƙarawa. Na sha karanta waɗannan layuka a Turance. Yau na ga wanda aka rubuta su dominsa.

Batun harshe kuma ya taso. A ɗan abin da aka fassara zuwa Hausa, ba a sa alamar da ke gaya wa manhaja cewa wannan Hausa ce ba. Haruffa biyu ne kacal, ha, ake sawa a kan shafin. Da muka kunna, muryar ta riƙa furta kalmomin da lafazin Turanci, tana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Matan da ke wurin suka ce ba su tsinci ko kalma ɗaya ba. Na ƙara sharaɗi a takardarmu: a bayyana harshen kowane shafi, kuma bayanin da ya shafi talaka a rubuta shi da sassauƙan harshe, da Yarbanci da Hausa da Ibo inda hali ya yi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yau ce ranar wayar da kai kan wannan batu a duniya, Alhamis ta uku a watan Mayu kowace shekara. Mun zaɓe ta don kai rahotonmu. Ofis uku muka shiga. Biyu sun karɓa sun buga hatimi. A na ukun muka dace da wata jami'a mai kula da sashen kwamfuta, Bayarabiya, ta ce mu zauna. Malama ta kunna NVDA a kan shafinsu, ta ƙara murya. Jami'ar ta ji manhajar tana maimaita "maɓalli, maɓalli, maɓalli" ba suna. Ta dafe kai. Ta ce mahaifiyarta ma ido ya fara ba ta matsala.

Abokina kurma ya nuna nasa ɓangaren a rubuce. Bidiyon da ke bayanin yadda ake cike fom ba shi da rubutu a ƙasa, kuma hanyar neman taimako ɗaya ce tak, lambar waya. Ya rubuta a takarda: "In kira in ce me, in ji me?" Rubutun ƙasan bidiyo yana cikin matakin farko na ƙa'idar. Fassara da maganar hannu tana mataki na uku, amma ya nace mu roƙe ta, domin ga kurame da yawa maganar hannu ce harshen farko, rubutaccen Turanci na biyu.

Asabar, 21 ga Yuni

Alhamdu lillahi. Jami'ar ta cika alkawarin da ta yi mana na gyara shafinsu. Ta sa yaran sashenta sun ɗaura wa kowane gurbi sunansa, sun rubuta bayanin hotuna, sun gyara kalandar, sun sauya gwajin karkatattun haruffa da lambar da ake turowa ta waya. Kawu ya cike fom ɗin gwaji shi kaɗai cikin minti goma sha ɗaya, ina zaune a waje. Da ya gama ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka ji." Ya sake kunna saƙon da ke cewa an karɓa, sau biyu.

Talata, 29 ga Yuli

Komai ya rushe. An canza wa jami'ar wurin aiki, an kuma ba wani sabon kamfani kwangilar sabunta shafin. Sabon ya fi kyau a ido, ba shakka. Amma guraben sun koma ba suna, gwajin hoton ya dawo. A ƙasan shafin an liƙa wani ɗan maɓalli mai hoton keken guragu, wai idan aka danna shi shafin zai daidaita kansa. Malama ta gwada. Ya kawo tasa muryar tana magana a kan ta NVDA, biyu a lokaci ɗaya, guraben kuma suna nan yadda suke. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na kwana biyu ba na son buɗe littafin nan. Barista ne ya zo gida ya zaunar da ni. Ya ce abin da muka samu a watan Yuni alfarma ce ta mutum ɗaya mai tausayi, kuma alfarma tana bin mai ita duk inda aka kai shi. Ya ce ɗan kwangilar bai karya wata yarjejeniya ba, tunda a iya abin da aka gaya mana babu wanda ya rubuta masa cewa makaho ya iya amfani da shafin. Abin da aka rubuta masa ya yi, aka biya shi.

Gaskiyarsa. Shafukan gwamnati a ƙasar nan ɗaruruwa ne. Ko mu hamsin ne ba za mu bi su ɗaya-ɗaya muna roƙo ba, mu kuma sake bin su duk ranar da aka sauya darakta. Mun juya akalar aikin. Daga yau abin da muke nema shi ne ƙa'ida ɗaya a rubuce, a cikin takardar kwangila, tun kafin a aza tubalin farko.

Asabar, 13 ga Satumba

Wata ɗaya da rabi muna karatu. Barista ya tattaro abin da muke da shi a gida, kuma ba kaɗan ba ne. Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010, kuma sashe na 9 ya ambaci intanet da sunanta. Jihar Legas ta riga tarayya: tun 2011, zamanin Gwamna Fashola, ta yi dokar mutane na musamman, wadda ta haifar da LASODA, ofishin jihar mai kula da harkokin naƙasassu. Dokar tarayya ta 2018 ta kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ga kuma NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa mai kula da adireshin gov.ng, tana da nata ƙa'idojin kan shafukan gwamnati. Tushe yana nan. Abin da muke so shi ne ya sauko daga kundi zuwa teburin mai sa hannu a biya kuɗi.

Ni kuma na duba yadda wasu suka yi. Tarayyar Turai ta yi doka a 2016 wadda ta ɗora wa dukkan hukumomin gwamnati na ƙasashenta ma'auni ɗaya. Abin da ya fi burge ni a ciki ba ma'aunin ba ne. Kowane shafi dole ya wallafa sanarwa yana faɗin inda ya cika ƙa'ida da inda ya gaza, ya kuma ba da hanyar kai ƙorafi. Wato hukuma da bakinta take faɗin aibinta, mai ƙorafi kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Birtaniya ta yi irin wannan a 2018. Amurka tana da sashe na 508 na wata dokarta ta tallafa wa naƙasassu, wanda tun gyaran 1998 ya ɗaure hukumomin tarayya wajen sayen kayan fasaha, sannan a Afrilun 2024 ma'aikatar shari'arsu ta ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi matakin AA na WCAG 2.1. Tsarin Amurka na ɗaure wurin saye shi ya fi dacewa da ciwonmu, domin yawancin shafukan da muka gwada 'yan kwangila ne suka gina su.

Mun yi gardama mai zafi kan abu ɗaya. Abokina kurma yana so a nemi mataki na uku gaba ɗaya. Barista ya ce wanda ya nemi abin da ba a iya cikawa ya ba mai ƙin yi hujja, kuma ita kanta W3C ba ta ba da shawarar a wajabta wannan matakin ga shafi ɗungurungum ba. Na bi bayan Barista, ba da daɗin rai ba. Muka tsaya a AA, muka ƙara maganar hannu a bidiyon da ya shafi lafiya da zaɓe da gaggawa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ranar farar sanda ta makafi. Daftarinmu ya kammala, shafi biyu ne kawai, don mun san doguwar takarda a aljihun tebur take kwana. Ya ce duk sabon shafi ko sabuntawa ya cika matakin AA na WCAG 2.2. Kada a biya kason ƙarshe na kuɗin kwangila sai masu naƙasa da kansu sun gwada, kuma a biya su ladan gwajin. Malama ce ta sa wannan layin, ta ce sun gaji da aikin "Allah ya saka". Sanarwa kada ta fito a hoto kaɗai. Kowane shafi ya faɗi gazawarsa da hanyar ƙorafi ta rubutu da ta murya, da adadin kwanakin amsa. Sai maɓallin nan na sihiri, mun rubuta ƙarara cewa ba ya tsayawa a madadin gyara.

Na karanta wa Kawu duka. Ya gyara mini wuri ɗaya irin na tsohon akawu. Ya ce, "Ka rubuta 'ya kamata'. A ofis 'ya kamata' ba ta ɗaure kowa. Sa 'dole'."

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mun kai daftarin wurare biyar, har da ƙungiyoyin masu naƙasa, domin su ne masu maganar, mu 'yan rakiya ne. Ɗaya daga ciki ta ce za ta gabatar da shi a taronta na ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya. Jami'ar nan tamu ta kira daga sabon ofishinta. Suna shirin ba da kwangilar shafi a farkon shekara, kuma ta shigar da uku daga cikin sharuɗɗanmu a daftarin takardar. Na biyan masu gwaji ba ya ciki, ta ce ba a yi masa kasafi ba. Takardar ba ta kai teburin babban sakatare ba tukuna.

Cikin shafuka goma sha biyun, saura biyu ba mu gwada ba. Asabar mai zuwa za mu koma Oko-Baba da fassarar daftarin a Hausa, Malama ta naɗi muryarta tana karantawa don a tura ta WhatsApp. Dattijon nan mai waya ya aiko a tambaye ni ko an ƙara girman maɓallin. Na ce a gaya masa ba a ƙara ba tukuna, amma maganarsa tana cikin sharuɗɗanmu.

Tantancewar Kawu ta gaba tana watan Janairu, a shafin nan da ya fara ba mu aiki. Na buɗe shi ɗazu da allo a kashe. Gurbi na farko har yanzu ba shi da suna.